Zaɓi Sonka: Gardamar Masu Sauraro a Ƙasar Kiyawa

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai shayi a kasuwar Shuwarin, cikin ƙasar Kiyawa, ya san ba a rasa gardama in an kunna akwatin rediyo. Ba kan siyasa kaɗai ba, har kan waƙa: wa ya zaɓi wannan faifai, kuma don me ya bar wancan?

Wannan al'ada ta daɗe. Bayan da aka buɗe gidan Rediyon Kaduna cikin 1962, shirin nan na Zaɓi Sonka ya ba talaka abin da bai saba samu ba, watau a kira sunansa da na garinsu, Arewa duka ta ji. Mutum ya kan aika da takarda ta gidan waya, ya gai da 'yan'uwa da abokan arziki, ya faɗi waƙar da ya ke so. Da ya ke masu boko kaɗan ne a lokacin, malamin makaranta da akawun En'e su ne marubuta. Ba mu kuwa rantsuwa cewa ba su taɓa musanya zaɓin mai takarda da nasu ba.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne yalwar zaɓin. Wannan ya nemi kalangun Mamman Shata, wancan kuntigin Ɗanmaraya Jos, wani muryar Lata Mangeshkar ta Indiya, wani kuma waƙar Sudan. Manomin da bai taɓa wuce Kano ba shi ne ya zaunar da su duka bisa tabarma ɗaya. Dattawa su kan ce waƙar da ba ka jin harshenta hayaniya ce. Samari su ce ai zaƙin murya ba ya bukatar tafinta. A nan mu muna bayan samari, gama amon Indiyan nan ne ya shiga waƙoƙin finafinan Hausa tun shekarun 1990, har ya zama ɗan gida.

Amma fa dattawa ma suna da hujja. Musa Ɗanƙwairo ya rasu cikin 1991, Shata cikin 1999, Ɗanmaraya cikin 2015. Faifan da ba mai nemansa, ma'aikacin rediyo ba safai ya kan ɗauko shi ba, yaro kuwa ba ya neman abin da bai taɓa ji ba. Yau an daina jiran gidan waya. Jihar Jigawa, wadda aka kafa cikin 1991, tana da tashar FM a Andaza, cikin ƙasar Kiyawa ita kanta, saƙon wayar hannu kuwa ya isa. Zaɓi ya yi sauƙi, sai dai a ganinmu ya ƙuntata, kowa na bin waƙar da a ke yayi.

To, malamai da ma'aikata, alƙalamin da magabatanku suka riƙe wa jama'a yana hannunku. Ku riƙa aika zaɓin tsohuwar waƙa, ku umarci 'yan makaranta su kasa kunne, kashegari ku tambaye su ma'anar kalmomi uku da suka ji a bakin Ɗanƙwairo.