Catni: Da Wane Abinci Ya Dace, Kuma Me Za a Kora da Shi?

Samosa ta daɗe da samun gurbi a teburin buɗa-baki da na biki a garuruwanmu, sai dai ta iso mana ba tare da abokin tafiyarta ba. A Indiya da wuya a miƙa wa mutum samosa ba a sa masa catni a gefe ba. Catni mahaɗi ne da ake niƙawa ɗanye ko a dafa, daga 'ya'yan itace, ganye, kwakwa ko gyaɗa, a zuba masa gishiri da barkono da wani abu mai tsami, wani lokaci har da mai zaƙi. Ba a malala shi kamar miya. Cokali ɗaya ko biyu ake ɗibawa a gefen faranti ana dangwala. Nau'o'insa suna da yawan gaske, shi ya sa wanda ya sayo kwalba ɗaya kan rasa da me zai ci shi. Amsar ba ta buƙatar haddace dogon jerin sunayen abinci. Ƙa'ida ɗaya ce ke tafiyar da lamarin: aikin catni shi ne cike giɓin da abinci ya bari, don haka kafin a zaɓe shi sai a duba me abincin ya rasa.

Karin kumallon kudancin Indiya shi ne hujja ta farko. Idli da dosa duka daga ƙullu ɗaya suke fitowa, na shinkafa da wani nau'in wake da ake bari ya kwana ya tashi. Idli turara shi ake yi, dosa kuma a shimfiɗa ƙullun siriri a kan tanda a soya. Wanda ya san masa ya san halinsu: taushi da ɗan tsami, amma ba yaji, ba maiƙo sosai, dole sai an nemo musu abin da zai tayar da su. Abin da ake ba su shi ne catnin kwakwa, wanda ake niƙawa da ɗanyen barkono da citta, sannan a soya ƙwayar mastad da ganyen kori a ɗan mai a kwarara a kai. Kwakwa ta kawo maiƙo, barkono ya kawo zafi. A jihar Andhra Pradesh kuwa, catnin da suka fi alfahari da shi na ganyen gongura ne, wato yakuwa da 'yar'uwarta rama, kuma da farar shinkafa mai zafi da man shanu ake cin sa. Tsaminsa mai ƙarfi ne, saboda haka aka haɗa shi da abincin da ba shi da wani ɗanɗano da zai yi gogayya da shi.

Idan aka koma ga soye-soye sai lissafin ya juya. Samosa da pakora, wato kayan lambu da ake tsomawa a kwaɓin garin wake a soya, maiƙo ya ishe su, abin da suke nema shi ne mai yanke shi. Shi ya sa a arewacin Indiya ake kawo su da catni biyu: kore, na ganyen na'a-na'a da koriyanda da ɗanyen barkono da lemun tsami, da kuma ja mai duhu, na tsamiya da aka dafa da mazarƙwaila ko dabino. Tsami yana sa yawu ya tsinke, ya wanke man da ya lulluɓe harshe, sai loma ta gaba ta zo da ɗanɗanonta cikakke, ba ta gundura. Wannan dalilin ne ya sa gasasshen nama da kazar da aka gasa a tanderun ƙasa suke tafiya da koren catni. A Mumbai, abincin titi da ake kira vada pav ƙwallon dankali ne soyayye a cikin burodi, taushi a kan taushi, sai aka barbaɗa masa busasshen catnin tafarnuwa da jan barkono, ya ba shi gardi da kaifi.

Turawan Ingila sun san catni ta hanyar kamfaninsu na ciniki a Indiya, wanda aka kafa a 1600. Ɗanyen catni ba ya jure doguwar tafiyar jirgin ruwa, don haka nau'in da ya yi kaka-gida a Birtaniya shi ne dafaffe, mai yawan sukari da ruwan khal, na mangwaro ko na tuffa da albasa da zabibi, wanda ke yin watanni a kwalba. Abin lura shi ne ko da suka sauya kayan haɗin, ba su kauce wa ƙa'idar ba. Sun haɗa shi da cukunsu mai tauri da gishiri irin na Cheddar, da burodi, da naman da ya huce, duka abinci masu nauyi da ke buƙatar zaƙi da tsami. A Afirka ta Kudu ana cin catnin 'ya'yan itace da bobotie, niƙaƙƙen nama da ake gasawa da ƙwai da madara a samansa. A Tirinidad, inda aka fara kai leburori daga Indiya a 1845, catnin mangwaro da na tsamiya suna raka soyayyen burodi da wake da ake sayarwa a bakin titi. Ƙasashe mabambanta, amma hikimar ɗaya.

Batun abin sha shi ne inda aka fi yin kuskure. Sinadarin da ke sa barkono zafi, kafsaisin, ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Wanda yaji ya kama ya kwankwaɗi ruwan sanyi zai ji sauƙi na ɗan lokaci, da ya haɗiye zafin ya dawo. Madara da dangoginta ne ke ɗauke shi, saboda maiƙonsu da kuma furotin ɗin da ke cikinsu. Ba banza ba mutanen Punjab suke kora abinci da lassi, wato kindirmo da aka dama da ruwa aka sa sukari ko gishiri, mutanen Gujarat kuma da tsinkakken nono mai ɗan gishiri. Shayi mai madara da citta shi ne abokin samosa da pakora, musamman da damina, a kudu kuma kofi mai madara ke biyo bayan idli da dosa. Idan catnin mai zaƙi ne ƙwarai, abin sha mara sukari ya fi dacewa, kamar baƙin shayi ko ruwa da ɗan lemun tsami. Zoɓo ko lemun kwalba a kan catnin tsamiya tara zaƙi da tsami ne wuri guda, har abincin ya ɓace a tsakaninsu.

Wani zai ce ai ɗanɗano ra'ayi ne, kowa da abin da bakinsa ke so, to me ya kawo ƙa'ida? Gaskiya ne ba wanda zai hana mutum cin abin da ya ga dama, kuma al'adu sun bambanta. A Bengal, misali, catnin tumatir ko na ɗanyen mangwaro mai zaƙi yana zuwa ne dab da ƙarshen cin abinci, kafin kayan zaƙi. Amma ko nan aikinsa bai sauya ba, wanke baki yake yi bayan kifi da shinkafa. Kuma gwaji ba ya ƙarya: a zuba catnin kwakwa a kan nama mai kitse, maiƙo ya hau maiƙo, a ji yadda zai gundura. Wani kuma zai ce zaƙi da nama ba sa haɗuwa. Wannan ƙorafin ya fi shafar catnin kwalba da sukari ya yi wa yawa; wanda aka haɗa daidai, tsaminsa da yajinsa ne ke gaba, zaƙin yana sassauta su ne kawai.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na lafiya, domin catnin kwalba zuma ne, ga zaƙi ga harbi. Sukari da gishiri da khal su ne ke hana shi lalacewa, dole su yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi ke ci a rana ya kai giram 5, sukarin da ake ƙarawa a abinci kuma ya gaza kashi 10 cikin 100 na kuzarin da jiki ke samu a rana. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba, ko ya koma ga ɗanye, wanda shi da kansa zai auna masa gishiri. Ɗanyen kuma yana da nasa sharaɗin: a wanke ganye da ruwa mai tsabta, a ajiye shi a firiji, na kwakwa kuma a cinye shi a ranar, domin yana saurin lalacewa a zafi.

Tsamiya, mangwaro, gyaɗa, yakuwa, dabino, mazarƙwaila da na'a-na'a duk suna kasuwanninmu, don haka mai son gwadawa ba sai ya jira kayan waje ba. Ya ba abinci mara yaji catni mai zafi da maiƙo, ya ba soyayye da gasasshe mai tsami, ya ba mai gishiri mai ɗan zaƙi. Idan barkono ya yi yawa ya kora da kindirmo, kuma kada ya wuce cokali biyu.