Kada Ku Jona Rawuta ta Biyu Tukuna

Masu kula da intanet a ofisoshi, makarantu da shagunan kwamfuta, ku dakata da jona sabuwar rawuta a layinku har sai kun leƙa cikinta. Da yawansu daga kwali suke fitowa da adireshin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kuma mai rabon adireshi, wato DHCP, yana kunne. Idan babbar rawutarku ma wannan lambar take ɗauke da ita, to kun naɗa sarki biyu a gari ɗaya.

Abin da ya sa nake gaggawar faɗa shi ne ɓarnar ba ta bayyana gaba ɗaya. Duk na'urar da ta shigo layin shela take yi tana neman adireshi, kuma galibi wanda ya riga amsawa take bi. Da safe kwamfuta biyu ne za su ƙi buɗe shafi. Kafin azahar, wayoyin da suka shigo daga baya sun karɓi ƙofar fita zuwa intanet ta bogi, firinta ta ɓace, kowa yana zagin kamfanin da ya sayar muku da data, alhali ɓarawon yana cikin gida.

Lissafin da kwamfuta ke yi ba shi da wuya. Kafin ta aika saƙo, tana gwada adireshin da za shi da nata, ta hanyar lambar da ke shata iyakar unguwa, irin 255.255.255.0, mai ɗaukar na'urori 254. In ɗan unguwa ne, ta miƙa masa kai tsaye. In na waje ne, ta kai shi ƙofar fita, wadda ma'aikata ke kira getwe. Ba ta tambaya ko ƙofar ta gaskiya ce. Kwamfutar da aka ba 192.168.0.50 da waccan iyaka, aka kuma ce mata ƙofarta 192.168.1.1, an nuna mata ƙofar da ke wata unguwa ke nan, ba za ta kai ba.

Ku zare wayar sabuwar rawutar yanzu. Ku jona ta da kwamfuta guda ita kaɗai, ku kashe mai rabon adireshinta, ku ba ta lambar da ba kowa a kanta, wadda kuma ba ta cikin jerin da babbar rawuta ke rabawa. Sannan ku bi na'urorin da suka kamu. A Windows, ipconfig zai nuna adireshi da iyaka da ƙofa, tracert kuma zai nuna zangon farko da saƙo ya sauka. Wanda ya ga lamba mai farawa da 169.254, ya san ba wanda ya ba na'urar adireshi, ita ta laƙaba wa kanta.

Masu rubuta hanya da hannu a manyan rawutoci, naku ya fi haɗari. Rawuta tana fifita hanyar da ta fi ƙunci, ko da ƙarya ce. A ranar 24 ga Fabrairu 2008, Pakistan Telecom ya so toshe YouTube a cikin ƙasarsa, sai ya shelanta 208.65.153.0/24, yanki mafi ƙunci a kan 208.65.152.0/22 da YouTube ke shelantawa. Shelar ta tsallake iyaka ta hannun kamfanin PCCW na Hong Kong, YouTube ya ɓace wa yawancin duniya kusan awa biyu. Kada mu ce abin nesa ne: a ranar 12 ga Nuwamba 2018, kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya karkatar da zirga-zirgar Google ta China da Rasha na minti 74, kuma MainOne ya amsa cewa kuskurensa ne.

Don haka kafin ku taɓa komai, ku ajiye kwafin saitin da ke aiki. Kada ku canja ƙofar fitar na'urar da kuke shiga daga nesa sai akwai wani tsaye kusa da ita, domin da zarar lambar ta kuskure, hanyar da za ku bi ku gyara ita ce farkon abin da zai yanke.