Lakwaja: Birnin Da Koguna Biyu Suka Haɗu, Inda Sarakunanmu Ke Kwance

Yawancin ɗalibai sun san Lakwaja a matsayin wurin da motocin Kudu ke tsayawa a ci abinci, a sayi busasshen kifi, a wuce. Amma wannan gari, hedikwatar Jihar Kogi, yana cikin wuraren da suka fi cancanta makaranta ta kai ɗalibanta ziyarar buɗe ido. A wannan mako za mu zagaya da ku cikinsa, domin abubuwa da yawa da kuke haddacewa saboda jarrabawa a nan suka faru.

Daga Dutsen Patti

Masu kai baƙi yawo sukan fara da Dutsen Patti, wanda ya yi wa garin rumfa. Daga samansa ana hango inda Kogin Neja, wanda kakanninmu ke kira Kwara, ya haɗu da Kogin Binuwai. Neja ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, tsawonsa ya haura kilomita 4,000. Binuwai kuwa daga tsaunukan Adamawa na Kamaru ya fito, ya biyo ta Garwa da Yola da Makurɗi. A Lakwaja suke zama ruwa ɗaya su nufi teku. Wannan mahaɗa ita ce siffar da kuke gani mai kama da baƙin Y a tambarin Nijeriya. Sunan jihar ma, wadda aka ƙirƙiro a 1991, kalmar Hausa ce: kogi.

A saman dutsen akwai ɗan gidan hutawa na Gwamna Lugga. Masu jagora sukan ce a nan Flora Shaw ta dubi kogin ta raɗa wa ƙasar suna. Abin da ke rubuce shi ne, wannan 'yar jarida ta ba da shawarar sunan Nijeriya a jaridar The Times ta Landan a watan Janairun 1897, ta kuma auri Lugga a 1902. Ɗalibin tarihi ya kamata ya riƙa rarrabe labarin baka da abin da takarda ta tabbatar, ya saurari duka biyun.

Me ya kawo Turawa nan?

Amsar ita ce ruwa. Kafin a shimfiɗa layin dogo, kogi shi ne babbar hanya. Wanda ya riƙe mahaɗar nan ya riƙe ƙofar ƙasar Nufe ta ɓangaren Neja, da ƙofar Adamawa ta ɓangaren Binuwai. Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Kakanda da Nufawa sun shahara da tuƙin manyan kwale-kwale, fatake kuma na zuwa daga ƙasar Hausa.

A 1841 Ingilishi suka turo jiragen ruwa, suka kafa gona kusa da mahaɗar, amma zazzaɓin cizon sauro ya kashe da yawa daga cikinsu, sauran suka janye. A 1854 wani likita mai suna William Baikie ya jagoranci wani jirgi ya shiga Binuwai. Ya sa mutanensa shan kwinin kullum, ba wanda ya mutu. Wannan magani ya taimaka ƙwarai wajen buɗe wa Turawa cikin ƙasa. Wajen 1860 Baikie ya zauna a Lakwaja ya buɗe wurin ciniki, ya kuma koyi Hausa har ya yi fassara da ita.

Daga baya kamfanin Royal Niger Company ya mayar da garin sansanin sojansa. Ranar 1 ga Janairun 1900 aka sauke tutar kamfanin a Lakwaja, aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya shelanta mulkin mallaka a kan Arewa, alhali a lokacin Kano da Sakkwato suna hannun sarakunansu. Sai bayan shekara uku aka ci su da yaƙi.

Makaranta da Ƙarfen 'Yanci

A cikin gari za ku ga makarantar Holy Trinity, wadda Bishof Samuel Ajayi Crowther ya kafa a 1865. Ita ake lissafawa a matsayin firamare ta farko a Arewacin Nijeriya. Shi kansa Crowther an kama shi bawa yana yaro, aka 'yanta shi a kan teku, ya yi karatu a Saliyo. Kusa da nan akwai Ƙarfen 'Yanci. Mutanen gari suna ba da labarin cewa duk bawan da ya gudo ya taɓa ƙarfen nan, ya zama ɗa. Akwai kuma maƙabartar Turawa, inda rubutun kan kaburbura ke nuna cewa da yawansu matasa ne suka mutu.

Sarakunan da ba su koma gida ba

Wurin da ya fi taɓa zuciyar ɗalibin da ya taso daga Kano ko Zariya shi ne kaburburan sarakuna. Turawa sun mayar da Lakwaja wurin ajiye sarakunan da suka tuɓe, nesa da jama'arsu.

Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, ba ya gari lokacin da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903. Da suka kama shi, sai suka kai shi Yola, daga baya suka dawo da shi Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Sarkin Zazzau Kwasau ma a nan ya ƙare rayuwarsa. Haka Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, mashahurin marubucin waƙoƙin Hausa da har yanzu ake nazarinsu a makarantu. An kawo Etsu Nufe Abubakar na Bida shi ma. Waɗannan sarakuna sun zo da iyalai da barori, zuriyar wasu kuma suna nan a garin har gobe. Shi ya sa za ku ji Hausa a unguwanni irin su Kabawa, tare da Nufanci da Igala da Ibira da harshen mutanen Oworo. Sarautar garin ma Maigari ake kiranta.

Littafin aji yakan tsaya a kan cewa an tuɓe sarki wane a shekara kaza. A Lakwaja ne ake ganin abin da ya biyo baya: mutumin da ya mulki birni kamar Kano ya yi shekara sama da ashirin a tsare, ya rasu bai sake ganin ganuwar garinsu ba.

Abin da ke damun mu

Wasu daga cikin waɗannan wurare sun tsufa, suna neman gyara. Kogin da ya raya garin kuma yakan yi masa ɓarna. A 2012 da 2022 ambaliya ta cinye gidaje da gonaki, ta datse hanyar Abuja zuwa Lakwaja, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Wurin da ba a ziyarta shi ake fara mantawa da shi, wanda aka manta kuwa shi ke rushewa.

Idan makarantarku za ta je

Ku zaɓi lokacin rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ja baya. Ku hau dutse da sassafe kafin rana ta take, domin Lakwaja gari ne mai zafi. Idan za a shiga jirgin ruwa zuwa mahaɗar, kada kowa ya shiga sai da rigar kariya, kada a yi wa jirgi lodi fiye da kima, kada kuma a yi tafiyar yamma. A maƙabartu a nemi izinin masu kula da wurin, a shiga da natsuwa. Kowa ya riƙe littafi da biro, ya tambayi dattawan unguwa, domin abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Duk ajin da ya je, ya rubuto mana abin da ya gani, za mu buga a wannan shafi.