Jirgin Jos zuwa Bukuru: Gyaran da Layin Dogo Ke Jira

Yau hirar jirgin ƙasa za mu yi, jirgin cikin gari, irin wanda zai ɗauko ma'aikaci daga Bukuru ya sauke shi a Taminus kafin a buɗe ofis, ya kuma mayar da shi gida kafin magariba.

Jos ba baƙuwar jirgi ba ce. Kuza ce ta jawo shi. Kafin zuwansa, a ka da kuma kan jakuna ake saukar da kuza daga tsaunin nan. Sai Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗo wani siririn layi daga Zariya, ya biyo ta Rahama, ya hawo Jos da Bukuru a 1914. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne kacal, tsawonsa kuwa ya haura mil 140. A 1927 babban layi ya iso daga Kafanchan, ya haɗa Jos da tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, daga nan ƙaramin ya fara rasa aiki har aka rufe shi a 1957. Daga Kuru kuma aka yanki wani layin ya bi ta Bauchi da Gombe, ya kai Maiduguri a 1964. Wanda yake son ganin kawunan jiragen wancan zamani, ya leƙa harabar gidan tarihi na Jos, suna nan a ajiye. Sunan Taminus ma da muke kiran tsakiyar gari, daga tashar jirgi ya samo asali, don nan ne ƙarshen layi.

Shekaru suka shuɗe, harkar reluwe ta durƙushe a ƙasar baki ɗaya, ciyawa ta rufe ƙarafa. Sai da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya fi ƙarfin talaka, sannan aka tuna da dogon da ke kwance. Gwamnatin jihar Filato ƙarƙashin Caleb Mutfwang ta haɗa kai da hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya don tayar da jirgin fasinja tsakanin Jos da Bukuru da Kuru, ta kuma fito da manyan motocin Tin City Metro. Wannan mataki ne da ya cancanci yabo, kuma ina cikin masu yaba shi da zuciya ɗaya. Abin da ya rage shi ne a mayar da jirgin abin da mutum zai dogara da shi kullum.

Ku dubi yadda Allah ya tsara garin nan. Jos da Bukuru sun miƙe ne a tsaye, arewa zuwa kudu, kusan kilomita 15, duwatsu sun tokare su ta gefe da gefe. Kusan kowa titi ɗaya yake bi: ta Sakatariya, ta mahaɗar tsohon filin jirgi, Daɗin Kowa, Zarmaganda, kasuwar kayan gini, har Bukuru. Ku tsaya a bakin titin nan da ƙarfe bakwai na safe a watan Disamba, lokacin da sanyin Jos ke ratsa ƙashi. Ga ma'aikaciyar asibiti ta ƙudundune cikin rigar sanyi, ga yara 'yan makaranta leɓɓansu sun tsage, ga mai kayan gwari ta dafa kwandonta, kowa ya zuba wa titi ido. Mota ta tsaya, kujera biyu ta rage, mutum goma sun yi kanta. Garin da jama'arsa ke tafiya kan layi ɗaya haka, shi ne garin da jirgi ya fi yi wa amfani, kuma layin dogon yana nan yana bin wannan hanyar tun zamanin kakanninmu.

Akwai masu cewa a yi jirgin ƙarƙashin ƙasa irin na Landan ko Alkahira. Ban ga dalilin hakan a Jos ba. Ƙasarmu dutse ce mai tauri, ga kududdufai da ramukan da haƙar kuza ta bari ko'ina. Kuɗin da za a kashe wajen huda kilomita ɗaya zai gyara dogon da muke da shi mai nisa.

Gyaran farko kuwa lokaci ne. Ma'aikaci ba zai bar mota ya koma jirgi ba sai ya tabbata cewa in an ce ƙarfe shida da rabi, to shida da rabi ɗin ne, yau da gobe da jibi, rani da damina. Ranar da ya makara sau biyu saboda jirgi bai zo ba, ya bar shi ke nan, kuma zai gaya wa maƙwabtansa. Matsalar ita ce layin guda ɗaya ne. In jirgi ya taso daga Jos, na Bukuru sai ya jira. Maganin wannan sananne ne a aikin reluwe: a ƙara wuraren kaucewa a tsakanin tashoshi, inda jirgi ɗaya zai raɓe ɗan'uwansa ya wuce. Da wannan kaɗai za a iya ninka sawu da safe da yamma ba tare da an shimfiɗa sabon layi ba.

Sai maganar rai. Da jirgi ya daɗe bai wuce ba, mutane suka saba da dogon kamar fili ne. Wani ya kafa rumfa a gefensa, wata ta baza tumatir a kan katakon layi, yara sun mayar da shi hanyar makaranta. Ba laifinsu ba ne su kaɗai, shekaru aka yi ba wanda ya ce musu kanzil. Amma jirgi ba ya tsayawa nan take kamar keke. Kowace mahaɗa ta titi da dogo tana buƙatar shinge da ƙararrawa da mai gadi da ake biyansa albashi a kan kari. Masu rumfuna kuma a zauna da shugabannin kasuwa da masu unguwanni, a nema musu wuri kafin a ce su tashi.

Abuja ta koya mana wani darasi mai tsada. An buɗe jirginta na cikin gari a watan Yulin 2018, amma tashoshi da dama suna nesa da gidajen jama'a, ba kuma hanyar kirki da ke kaiwa gare su. Ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, bai dawo ba sai Mayun 2024, bayan an gina hanyoyin shiga tashoshin. A Jos, layin ya ƙare a Taminus. Ɗalibin Jami'ar Jos da ke hanyar Bauchi, da ɗan kasuwar Farin Gada, da mai jinya a asibitin koyarwa na Lamingo, duk jirgi bai kai su ba. Tunda an hana acaba a cikin gari tun zamanin Gwamna Jonah Jang, dole motocin Tin City Metro da masu Keke su kasance a ƙofar tasha daidai lokacin da jirgi ya iso. A Legas kati ɗaya mai suna Cowry ake biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa da na ruwa da shi. Mu ma za mu iya. A kuma ware tarago ɗaya na kaya da asuba, don masu dankalin turawa da kabeji da karas da ke shigowa daga kudancin gari.

Akwai wani abu da ya fi waɗannan taɓa min zuciya. Tun rikicin watan Satumban 2001, da na 2008 da na 2010, unguwannin Jos suka rabu, Musulmi nan, Kirista can. Babbar kasuwar Taminus da ke haɗa kowa ta ƙone a watan Fabrairun 2002. Akwai matasan da suka girma ba su taɓa taka wasu unguwannin garin haihuwarsu ba. Tarago wuri ne da Birom da Bahaushe da Afizere da Anaguta da Ibo da Bayarabe za su zauna benci ɗaya kowace safiya, har fuska ta saba da fuska. Don haka tsaro a jirgin nan, da fitilu a tashoshi, da ɗaukar ma'aikata daga kowane ɓangare, aiki ne da ya kamata a yi shi da gangan tun farko.

Ko da an yi duk wannan, in ba kuɗin gyara, jirgi zai sake kwanciya. Addis Ababa ta buɗe nata sabo fil a 2015, cikin 'yan shekaru taragai da yawa suka zauna saboda rashin kayan gyara. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon yin doka kan harkar jiragen ƙasa. Majalisar dokokin Filato na iya kafa hukumar sufurin Jos da Bukuru, ta ba ta kasonta a kasafin kowace shekara, ta wajabta mata horar da makanikai 'yan jiha, ta kuma sa ta riƙa bayyana wa jama'a sawu nawa jirgi ya yi a wata da fasinja nawa ya ɗauka. Ɗan majalisar mazaɓarku ne zai kai wannan magana zauren, in kun tambaye shi.