Sikila: Gajiyar da Ake Ɗauka Son Jiki Ce

A gidaje da yawa akwai yaron da aka sani da yawan kwanciya. Ya dawo makaranta ya miƙe, a aike shi shago ya dawo yana haki, a ce ya cika son jiki. Ƙafa ta tashe shi da tsakar dare yana kuka, a ce raki ne. Sau da yawa yaron nan mai sikila ne, wato amosanin jini, kuma gajiyar da ciwon duk daga jininsa suke. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan larura. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, wato yana ɗauke da gadon cutar amma ba ya fama da ita.

Ƙwayar jan jinin mai lafiya takan yi kimanin kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila kuwa, kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Ɓargo ba ya iya cike gurbin da irin wannan sauri, shi ya sa jininsa kullum a ƙasa yake. Iskar oksijin da ke isa tsoka da ƙwaƙwalwa ta ragu, zuciya ta yi ta bugu da sauri. Irin wannan gajiya barci ba ya warware ta.

Ciwon kuma ga yadda yake tashi. Idan jiki ya rasa ruwa, ko sanyi ya kama shi, ko zazzaɓi ya shiga, sai ƙwayoyin su lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Duk inda jini bai kai ba sai ya ɗauki zogi: baya, ƙugu, ƙirji, dogayen ƙasusuwa. A jarirai, kumburin yatsun hannu da na ƙafa ne kan fara tona asirin cutar.

Wanda ya gane wannan ya gane rabin maganin. Ruwa ne kan gaba, a riƙa kurɓa tun kafin ƙishi ya zo, musamman a bazara. Da hunturu ya kama, a bar wanka da ruwan sanyi da asuba, a sa rigar sanyi da safa, a yi alwala da ruwan ɗumi. A kwana cikin gidan sauro, domin zazzaɓin cizon sauro na cikin manyan masu tayar da ciwon a ƙasarmu. Kada a yi wasa da folik asid da maganin rigakafin zazzaɓin da likita ya rubuta. Akwai kuma hydroxyurea, wanda ke rage yawan tashin ciwo da buƙatar ƙarin jini, amma ana shan sa ne da sa idon likita da gwajin jini a kai a kai.

Ita gajiya dabara take so. Ranar da mai sikila ya tashi garau, yakan so ya rama duk aikin da ya tsere masa, wanki da shara da kasuwa a yini ɗaya, kashegari kuma ya kwanta. Gara ya rarraba aikin, ya huta tun kafin jiki ya ƙi. Haka batun azumi: ya nemi shawarar likitansa, domin addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Idan ciwo ya fara motsi, a sha maganin ciwon da aka saba da wuri, a ƙara ruwa, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Kada a sa ƙanƙara, domin ƙara tsuke jijiyoyin take yi. Amma in akwai zazzaɓi, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, mutuwar ɓarin jiki, ko ido da tafin hannu sun yi fari fat, babu zaman jira, sai asibiti. Allurar kashe ciwo ta Pentazocine da wasu ke saya a kemis suna yi wa kansu ta jefa matasa da dama cikin dogaro da ita da gyambon da ba ya warkewa. Sai dai wannan ba hujja ba ce ta kallon duk mai sikilar da ke murƙususu a matsayin ɗan ƙwaya. Wanda aka ƙi yarda da ciwonsa a asibiti shi ke komawa kemis.

A 2024 Jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure, kuma wannan zai kare 'ya'yan gobe. Waɗanda ke raye da cutar yau kuwa, haƙƙinsu yana kan iyaye, malamai da iyayen gida a wurin aiki. Idan mai sikila ya ce ya gaji, a yarda da shi, a miƙa masa ruwa, a bar shi ya huta.