Jawabin Yabo: Shirya Shi da Gabatar da Shi a Aji

Cikin ayyukan da akan ɗora wa ɗalibi a darasin magana gaban jama'a akwai jawabin yabo, watau ya zaɓi wani mutum da ya yi abin a zo a gani, ya tsaya gaban 'yan ajinsu ya bayyana darajarsa cikin 'yan mintoci. Ɗalibai da dama sukan raina wannan aiki, domin Bahaushe ya tashi ya tarar da yabo ko'ina, a fada da gidan biki da dandalin dambe. Sai dai wannan sabo shi ne kan kayar da su, don da zarar sun buɗe baki sai harshen maroƙi ya rinjaye su.

Maroƙi ko sanƙira yakan jero asalin mutum, ya kamanta shi da zaki ko giwa, ya yi ta zuga shi har ya sa hannu aljihu. Ba mai tambayarsa hujja, kuma kunnen wanda ake wa kirarin yake nema. Mai jawabi kuwa masu sauraro ne abin nufinsa, so yake su tashi sun gamsu cewa mutumin ya cancanci yabon. Saboda haka duk halin da ya ambata, wajibi ne ya kafa masa shaida daga aikin mutumin.

Alal misali, a ce ɗalibi ya zaɓi Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara cikin 1911, ya rasu cikin 1981. Idan ya tsaya ga cewa gwani ne, haziƙi ne, babu kamarsa, to bai faɗi abin da ba za a iya faɗa game da wani ba. Abin da ya kamata shi ne ya kama igiya guda, kamar yadda Imam ya nuna cewa Hausar boko za ta iya ɗaukar hira da labarin duniya baki ɗaya. Sa'an nan ya kawo shaidu: Ruwan Bagaja, wanda ya shiga gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da shi yana malami a Katsina, da Magana Jari Ce mai littafi uku, da zamansa editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a Zariya cikin 1939. Sauran muƙaman da ya riƙe, komai girmansu, sai a bar wa mai rubuta tarihi.

A nan akwai wani tarko. Zaƙin yabo kan sa ɗalibi ya ce dukkan labaran Magana Jari Ce daga ƙwaƙwalwar Imam suka fito, alhali kuwa malamin da ke saurare ya san da yawansu an samo tushensu ne daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai. Ƙarya guda irin wannan ta isa ta rusa jawabin. Gaskiyar kuwa ta fi armashi: Imam ya sa wa baƙin labarai riga da rawani har mai karatu ya rantse a ƙasar Hausa aka haife su.

Wajen gabatarwa, gaisuwa ga malami da 'yan aji kada ta wuce jimla ɗaya ko biyu, don lokacin ƙayyadadde ne. Ya kamata kuma a maimaita jawabin da babbar murya kafin ranar, ba a zuci ba, saboda rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Wanda ya fara cin karo da kalmar "gari" a gaban jama'a yana iya mai da birni garin tuwo, aji kuwa ya tuntsire da dariya daidai inda ake son natsuwa. Ƙaramar takarda mai ɗauke da sunaye da shekaru ta wadatar a hannu, idanu kuwa su kasance kan masu sauraro.