Ciwon gefen kwatangwalo da ya ƙi jin magani

'Yar'uwa, ki sa yatsa a gefen cinyarki daga sama, inda ƙashi ya ɗan turo. Idan kin danna kin ji zafi, idan ba ki iya kwana a kan wannan gefen, ko kuwa hawan tudu da tsayuwa a ƙafa ɗaya suna tayar miki da shi, to wannan bayani naki ne. Maza ma suna samunsa, amma ya fi kama mata daga shekara 40 zuwa 60.

Nan Tamanrasset, da yawa cikin masu zuwa wurinmu sanyin dare suke ɗora wa laifi, ko zaman mota tun daga Arlit da In Guezzam. Yawanci kuwa jijiya ce ta gaji, wadda ta ɗaure tsokar ɗuwawu da wannan ƙashi. Ita ke riƙe ƙugu duk lokacin da kika ɗaga ƙafa ɗaya. Abin da ta fi ƙi shi ne matsi: kwanciya a kanta bisa tabarma, harɗe ƙafa, da tsayuwar da ake karkata ƙugu gefe da yaro a saɓe.

Saboda haka magani daga gida yake farawa. Ki kwanta a lafiyayyen gefen, ki sa matashi tsakanin gwiwoyinki. Ki raba nauyinki a ƙafa biyu. Ki riƙa kwanciya rigingine, ki tanƙwasa gwiwoyi, ki ɗaga ɗuwawu a hankali ki sauke, sau goma. Za mu nuna miki sauran a ɗakin shan magani.

Na san allura kika zo nema. A 2018 an buga wani bincike da aka yi a Ostareliya kan mutum 204 masu wannan ciwo. Bayan mako 8, kusan 77 cikin 100 na waɗanda aka koya wa kwanciya, tsayuwa da motsa jijiyar sun samu sauƙi sosai. Cikin waɗanda aka yi wa allurar kotizon, 58 ne. Allurar takan kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma yawan maimaita ta yana raunana jijiya, tana kuma tayar da suga ga mai ciwon suga. Ƙaho da sakiya ba sa kai wa wurin, sai dai su bar miki miki.

To idan an yi wata shida ana wannan ƙoƙari, ciwo bai saki ba fa? Akwai ƙaramin aiki da ba ya bukatar a yanka cinya. Likita yakan kashe zafin wurin, yana kallon jijiyar da irin na'urar da ake duba masu ciki. Sai ya shigar da siririyar allura ta ƙaramar kafa, ya tsattsaga wurin da ya lalace don jini ya shigo ya gyara. Akwai kuma na'urar da ake kira Tenex, wadda bakinta ke karkarwa, yana farfasa lalataccen naman yana zuƙe shi. Ba a kwana asibiti, amma sauƙin yakan ɗauki makonni zuwa wata uku, kuma motsa jijiyar yana nan dole. Ba kowa yake yi wa amfani ba, kuma jijiyar da ta tsinke sai ɗinki.

Mu ba mu da kayan wannan aiki. Sai babban asibiti mai ƙwararren likita, ga Aljer, babban birnin ƙasar, kusan kilomita 2,000 daga nan. Kada ki sayar da akuyarki ki kama hanya kafin a duba ki.

Amma kada ki jira ko kwana ɗaya idan kin faɗi kin kasa taka ƙafar, ko ciwon ya zo da zazzaɓi, rama da gumin dare, domin tarin fuka yana kama ƙashi. Mai sikila kuma, idan zafin a matsematsi yake, ta zo a ɗauki hoton ƙashin.